Yadda koko ya shiga tukunyar alewar gidanmu

Assalamu alaikum. Ni 'yar zango ce a Kumasi, nan aka haife ni, nan na yi aure, kuma yau ni ke riƙe da sana'ar alewar da kakata ta fara a kan murhu ɗaya a tsakar gidan haya. Mata kan tare ni a wurin biki ko suna su tambaye ni yadda aka yi muka fara sa koko, wanda ake yin cakulan da shi, a cikin alewar gyaɗa. Amsar ba ta shiga cikin hirar tsaye, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta, tun daga kan wanda ya fara taɓa buhun koko a zuriyarmu.

Kakana na wajen uwa, wanda muke kira Baba Tsoho, daga ƙasar Katsina ya taso yana saurayi. Fatake ya biyo, irin waɗanda suka gaji zuwa Gwanja sayen goro tun iyaye da kakanni. Da ya iso ƙasar Asante sai ya tarar kuɗi sun koma gonakin koko, don haka ya ajiye maganar goro ya kama aiki a gonar wani Ba'asante bisa tsarin da ake kira abusa: kai ne sharar gona, kai ne tsinka, kai ne fasa, kai ne shanya, idan an sayar a raba kuɗin gida uku ka ɗauki ɗaya. Daga baya ya dawo gari ya zama ɗan dako a rumbun awon koko. A zamanin Turawa da kaya ake lissafi, kaya ɗaya laba 60, abin da mutum ke iya ɗauka a ka. Ya sha ba mu labarin shekarar 1937, lokacin da manoma suka haɗa baki suka ƙi sayar wa kamfanonin Turawa kokonsu, saboda kamfanonin sun ƙulla yarjejeniya tsakaninsu kan farashi. Sai cikin 1938 aka warware. Watanni rumbu a bushe, ba buhun da za a ɗaga, ya koma ɗaurin goro kafin ya samu na cefane.

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da shi, mutumin nan ya tsufa kafaɗunsa sun yi kanta da buhun koko, amma har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa sa cakulan a baki ba. Farin ruwan da ke lulluɓe da 'ya'yan kawai ya sani, wanda ma'aikata ke tsotsa idan an fasa ƙwallon, mai zaƙi da ɗan tsami. Ya taɓa tauna busasshen ɗan ya tofar, ya ce goro ya fi shi mutunci. Idan muka tambaye shi me Turawa ke yi da shi, sai ya ce, "Magani ne, jikoki. In ba magani ba wa zai biya kuɗi ya sayi ɗaci?"

Kaka kuwa hannunta a sukari yake. Alewar ja take yi: a dafa sukari da ruwa da ɗan lemon tsami har ya yi danƙo, a zuba a faranti mai mai, idan ya sha iska a rataya a ƙusa a yi ta ja ana ninkawa har ya koma fari, a ratsa masa jan launi, a yayyanka da almakashi. Tana yin ta gyaɗa da ta kwakwa, da tuwon madara idan an samu madara. 'Yan makarantar allo su ne masu sayenta na farko, kuma Inna, mahaifiyata, ita ce 'yar talla. Da dokar korar baƙi ta fito a ƙarshen 1969, aka ba marasa takarda mako biyu su fita, zango ya dare gida biyu. Ƙannen Baba Tsoho suka hau manyan motoci suka nufi Najeriya, shi ya samu takardar zama ta hannun mai rumbun da yake wa aiki. Inna ta ce layinsu ya yi tsit, yaran da ke tsayawa ƙofar gida da kwabo a hannu rabinsu sun tafi. Wannan ne ya sa Kaka ta fara aika alewa kasuwa maimakon jiran masu zuwa gida.

Ni na buɗe ido ne sana'ar tana hannun Inna. Ina ƙarama aka yi farin 1983, shekarar da gobarar daji ta cinye gonakin koko masu yawa, abinci ya yi wuya, ga kuma 'yan Ghana kusan miliyan guda da aka koro daga Najeriya sun dawo ana ta neman abin da za a ba su. Sukari ya zama abin da ake ɓoyewa a ƙarƙashin gado. Inna ba ta kashe murhu ba. Ta rage girman yanka, ta ƙara gyaɗa, wani lokaci ta haɗa da zuma, kuma ba ta taɓa ƙara farashi ga yaran unguwa ba, sai dai ga masu sari. Da abubuwa suka lafa ta shiga adashi, ta sayi manyan tukwane, ta ɗauki mata biyu daga maƙwabta. Mu yara aikinmu da dare shi ne ƙulla leda, muna liƙe bakinta da harshen kyandir. Har yau akwai tabon a babban yatsana. Kayanmu suka fara zuwa shaguna a Kejetia da Aboabo nan cikin Kumasi, daga baya direbobin Tamale da Bawku suka riƙa ɗauka kwali-kwali.

Ban taso da niyyar gadon wannan aiki ba. Na yi kwalejin horon malamai na kama koyarwa a firamare, kuma daga ranar Inna ta daina kirana da sunana, sai "Malama", rabi girmamawa rabi zolaya. Koyarwar ce ta kai ni inda labarin ya juya, domin wata shekara makarantarmu ta kai ɗalibai yawon buɗe ido gonar Tetteh Quarshie da ke Mampong. Ba Mampong ta nan Asante ba, ta kan tsaunin Akuapem, kusa da Accra. Sunansa kowane ɗan firamare a Ghana ya sani, ni ma na sha rubuta shi a allo: maƙeri ne, ya je aiki tsibirin Fernando Po, wanda yanzu ake kira Bioko a Equatorial Guinea, ya dawo da irin koko a 1879 ya shuka. 'Yan mishan na Basel sun gwada kafin shi, amma daga gonarsa ne manoma suka riƙa sayen iri har abin ya bazu, kuma zuwa 1911 babu ƙasar da ta kai Gold Coast, wato Ghana ta zamanin Turawa, fitar da koko a duniya. Rubutawa a allo daban, tsayawa a gindin bishiyar daban. Ƙwallayen a jikin kututturen suke fitowa, ba a ƙarshen reshe ba, kowanne da 'ya'ya talatin zuwa arba'in. Wata yarinya a ajina ta ɗaga hannu ta tambayi mai yi mana bayani, "To su mutanen Fernando Po a ina suka samo?" Ya ce daga Amurka, ya wuce gaba. Tambayar yarinyar nan ce ta biyo ni gida, na shiga neman littattafai.

Ashe bishiyar 'yar dazukan Amazon ce, a Kudancin Amurka. A ƙasar Ecuador masu tonon tarihi sun samu alamar koko a cikin tukwanen da suka haura shekara 5,000. Amma waɗanda suka ɗaukaka shi su ne mutanen yankin Meziko da Guatemala na yau, Maya da kuma Aztec a bayansu. Sha suke yi, ba ci ba. A soya 'ya'yan, a niƙa a dutse, a dama da ruwa, a sa barkono, wani lokaci da garin masara, a yi ta juyewa daga wannan ƙwarya zuwa waccan har ya yi kumfa. Babu sukari, domin rake bai riga ya isa can ba. Abin sha ne na sarakuna da mayaƙa da manyan fatake, kuma 'ya'yan kansu kuɗi ne, da su ake ciniki a kasuwa, da su ake biyan haraji. Sifaniyawa ƙarƙashin Hernán Cortés suka ci daular Aztec a 1521, daga nan koko ya tsallaka teku, aka zuba masa sukari da kirfa, ya zama abin shan masu hali a Turai na tsawon kusan shekara 300. Cakulan da ake karyawa a ci sabon abu ne. A 1828 aka yi wa matsar Van Houten rajista a Holan, injin da ke raba man koko da garinsa. A 1847 gidan Fry na Bristol a Ingila suka mayar da man cikin gari da sukari suka zuba a mazubi, ya daskare. A 1875 Daniel Peter na Suwizalan ya samu hanyar haɗa shi da madara, sannan a 1879 Rodolphe Lindt ya ƙera injin da ke ta murza shi sa'o'i har ya yi laushin da ke narkewa a harshe. Wani abin da na so a ce Baba Tsoho na raye in gaya masa: masana tsirrai sun ce koko da goro dangi ɗaya ne, har sinadarin da ke wartsake mutum suna tarayya a kai.

A cikin karatun nan na ci karo da gidan Cadbury, kuma nan na daɗe, domin labarin shagon iyali ne, abin da na sani. Mu nan Bournvita da TomTom muka san su da shi. John Cadbury ya buɗe ɗan shago a titin Bull Street na Birmingham a 1824, yana sayar da shayi da gahawa da koko na sha da yake dakawa da kansa a turmi. Ɗan ɗariƙar Quaker ne, Kiristocin da ke ƙyamar giya, kuma yana ganin waɗannan abubuwan sha za su janye talaka daga mashaya. Zuwa 1861 kasuwar ta durƙushe, matarsa ta rasu, lafiya ta yi masa ƙaranci, sai 'ya'yansa Richard da George suka karɓa. Sun sha wuya shekaru kafin su sayo matsar Holan ɗin nan a 1866, wadda ta tsamo su. A 1879, shekarar da maƙerinmu ke shuka iri a Mampong, suka kwashe masana'antar daga hayaƙin birni zuwa wani fili da suka sa wa suna Bournville, daga baya aka gina wa ma'aikata gidaje da lambuna da filin wasa, aka kuma hana buɗe mashaya. Cakulan ɗinsu na madara, Dairy Milk, ya fito a 1905.

Na yaba musu, amma yabon nawa da iyaka. A farkon ƙarnin da ya wuce wani babban kaso na kokon da suke aiki da shi daga tsibirin São Tomé yake fitowa, inda ake noma shi da mutanen da aka kwaso daga Angola cikin halin da ba shi da maraba da bauta. Labari ya iso musu, suka yi shekaru ana bincike da rubuce-rubuce, sai a 1909 suka daina saye. A wannan tsakanin ne suka juyo Gold Coast. Gidaje da lambuna na wanda ke tsaye gaban inji ne a Ingila. Wanda ke wannan bakin igiyar, da adda a hannu ko buhu a ka, farashin kaya ɗaya kawai ya sani. Ƙarshen gidan ma ya ba ni abin tunani. An sa hannun jarinsu a kasuwa, suka haɗe da kamfanin lemo na Schweppes a 1969, a hankali zuriyar ta zama baƙuwa a kamfanin kakanta, har kamfanin Kraft na Amurka ya saye shi a 2010.

Lokacin da ƙafafun Inna suka fara kumbura ta kasa tsayuwa gaban wuta, na ajiye koyarwa na dawo. Wata ƙawata Ba'asantiya da iyayenta ke da gona wajen Tepa ta kawo mini tsarabar busassun 'ya'yan koko cikin ɗan ƙunshi, waɗanda aka riga aka rufe da ganyen ayaba kusan mako suka yi tsami, aka shanya. Wannan rufewar ita ce sirrin, in ba a yi ta ba ƙanshin cakulan ba ya fitowa ko an soya. Na soya su a kasko kamar yadda muke wa gyaɗa, na murje, na sheƙe ɓawon a faifai, na daka. Ƙanshi ya cika gidan, Inna ta leƙo daga ɗaki.

"Malama, me kike ƙonawa?"

"Koko ne, Inna. Irin wanda Baba Tsoho ke ɗauka."

"Abin Turawa? Mu da alewar gyaɗa muka aurar da ku."

Na zauna bakin gadonta na kwashe labarin Maya da Aztec na gaya mata, da barkonon, da masarar, da ƙwaryar. Ta yi shiru tana jan carbi, can ta ce, "To ashe su ma kunu suke damawa. Kawo in ɗanɗana." Ta lasa, ta yamutsa fuska, ta ce a ƙara sukari, kuma kada in kuskura in taɓa babbar tukunya sai na gwada a ƙarama. A wurin Inna wannan izini ne.

Cakulan na gaske, irin na karyawa, ya ƙi zaman gidanmu. Man koko yana narkewa ne a zafin da bai kai na jikin mutum ba, wajen digiri 34, kuma kafin ya daskare da sheƙi sai an narkar da shi, an sanyaya, an sake ɗan ɗumama shi daidai gwargwado. In an kauce, ya fito da farin dabbare-dabbare kamar ya lalace. Ga zafin Kumasi, ga lokacin dumsor ne, wuta ta zo yau ta ɗauke gobe, ga kuma kwalin da zai kwana a saman mota zuwa Bawku. Masu shagon da ba su da firji ba za su karɓa ba, kuma su ne kasuwarmu. Injin niƙan unguwa ma ba ya kai shi laushi, kana ci kana jin tsaki-tsaki.

Mafita ta zo ne daga wani gidan iyalin kuma, na Italiya. Pietro Ferrero mai gashin kek ne a garin Alba. Bayan yaƙin duniya na biyu koko ya yi tsada ƙwarai, yankinsu kuwa cike yake da wani ɗan itace mai mai da ake kira hazel, sai a 1946 ya fito da haɗin da ɗan itacen ya fi yawa, koko kaɗan. Ɗansa Michele ya gyara shi ya zama Nutella, abin shafa wa burodi, a 1964, kuma har yau kamfanin yana hannun zuriyarsu. Na ce mu ma ai muna da abin da ƙasarmu ta wadata da shi. Na bar man koko gaba ɗaya, na koma garinsa, wanda ake matsewa a masana'antun Tema ake sayarwa buhu-buhu. Garin ba ya narkewa a rana. Ana zuba shi ne bayan an sauke sukari daga wuta, tare da dakakkiyar gyaɗa, domin in ya daɗe kan wuta ɗaci yake yi. Ɗan gishiri kaɗan, ɗan citta. Muka yi wani kuma da aya, wanda tsofaffi suka fi so. Yaran makaranta suka sa mata suna "baƙar alewa", sunan ya bi ta. Inna ta rayu ta ga ranar da odar baƙar ta wuce ta farar. Ba ta ce komai ba, sai dai ta sa an kai faranti guda masallacin unguwa sadaka ga Baba Tsoho da Kaka.

Bayan rasuwarta, Allah ya jiƙanta, aka zo inda sana'o'in zango da yawa ke mutuwa, wato rabon gado. Mu biyar ne, maza uku mata biyu. Na ga gidajen da aka sayar da tukwane da injin liƙe leda a rana ɗaya, kowa ya soke 'yan kuɗinsa a aljihu, bayan shekara ba kuɗin ba sana'ar. Yayanmu babba ya kira zama bayan addu'ar arba'in. Ya ce, "Ke kika san wutar nan, faɗi abin da kike gani." Na ce, "Yaya, haƙƙin kowa a fitar masa kamar yadda Allah ya ce, amma ina roƙon kada a raba tukunya." Aka kira malami da wani dattijo ɗan kasuwa suka yi wa komai kuɗi, har da bashin da ke hannun masu sari, aka fitar da rabon kowa, namiji biyun mace. Huɗu daga cikinmu muka bar namu a ciki a matsayin jari, aka rubuta a takarda da shaidu. Autanmu ya ce yana son nasa ya sayi mota, aka biya shi kashi-kashi ba tare da an sayar da ko ludayi ba, kuma yau motar tasa ce ke kai mana kaya arewa, muna biyansa kamar kowane direba. Ni albashi nake ɗauka na aikina, riba kuma a raba bayan Babbar Sallah gwargwadon jarin kowa. Sharaɗi ɗaya na nace a rubuta, wanda labarin Cadbury ya koya mini: duk mai son fita, 'yan'uwa zai fara yi wa tayi kafin bare.

Shekarun nan koko ya sake gwada mu. Ghana da Kwaddibuwa su ke noma fiye da rabin kokon duniya, kuma amfanin ya faɗi a duka biyun, ga cutar kumburin reshe, ga damina da ta rikice, ga 'yan galamsey masu haƙar zinariya da ke tumɓuke gonaki suna bar wa mutane ramuka da jan ruwa. A 2024 farashin tan ɗaya a kasuwar duniya ya haura dala 10,000, abin da ba a taɓa gani ba. Buhun garin da nake saye ya yi tashin da ya sa na zauna da biro da takarda. Wasu suka ba ni shawara in haɗa da launi da ƙonannen sukari, wai yaro ba zai gane ba. Na bi hanyar Inna ta 1983: na rage girman yanka, na bar haɗin yadda yake, na gaya wa masu sari dalili baki da baki. Biyu sun daina karɓa, sauran suna nan.

Yanzu mata tara ke aiki tare da mu, yawancinsu zawarawa ne da marayun unguwa, kuma mun tashi daga tsakar gida zuwa wani shago mai ɗaki biyu a bayan layinmu. 'Yar ƙanwata tana karatun kimiyyar abinci a jami'ar KNUST ta nan Kumasi, ta dame ni da maganar sayen ƙaramin injin murza cakulan da firji mai aiki da hasken rana, wai lokaci ya yi da za mu gwada na karyawar kuma. Na ce ta kawo lissafin a rubuce, da kuɗin injin da na wanda zai gyara shi in ya lalace, a karanta gaban iyayenta a zaman bayan Sallah.